Laftof Matsakaiciya: ThinkPad T480, EliteBook 840 G8, MacBook Air M1, Ko Sabuwa A Kwali?

Duk wanda ya taɓa shiga titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, da kuɗin kwamfuta a aljihu, ya san yadda kai ke ɗaurewa. Shagon farko a ce maka HP ce gaba, na biyu a ce in ba Lenovo ba kar ka zuba kuɗinka, na uku a zaro maka Apple siririya a ce daga ita an rufe ƙofa. Kafin ka kai bakin titi wani ya nuna maka sabuwa fil a kwali, kuɗinta bai wuce na waɗancan tsofaffin ba. Da yawa daga cikinmu kuɗin nan tara shi aka yi, wani adashi ya ɗauka, wani uba ne ya sayar da amfanin gona don ɗansa ya shiga aji uku a jami'a da abin aiki. Kuɗi irin wannan bai kamata a kashe shi a kan daɗin bakin mai shago ba.

Na tsaya a kan masu inci 14 da abin da ya kusance su, domin nan ne yawancin mutane suka fi samun biyan buƙata. Mai inci 15.6 tana kai kilo biyu ko kusa da haka, kuma wanda ke hawa babur ko a-daidaita-sahu da ita kullum zai ji a kafaɗarsa. Mai inci 12 kuwa tana gajiyar da ido in aiki ya yi tsawo, musamman a Excel. Mai inci 14 tana tsakanin kilo 1.3 da 1.6, tana shiga jakar goyo ta ɗalibi, kuma madannanta cikakku ne.

Guda huɗu zan auna. Uku na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo: Lenovo ThinkPad T480 ta 2018, HP EliteBook 840 G8 ta 2021, da MacBook Air mai M1 da Apple ya fitar a Nuwamban 2020. Ta huɗu sabuwa ce mai araha, irin mai furosesar Celeron (furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta) da RAM 4GB (RAM shi ne wurin da take riƙe aikin da ke buɗe), wadda kusan kowane kamfani yana da tasa.

Ma'aunan da zan bi

Na farko a wurina shi ne batir da hanyar caji. Masu sharhin kwamfuta a Turai da Amurka sukan ajiye wannan a tsakiyar bayani, tun da wuta ba ta yanke musu. Mu kuwa kwamfutar da ba ta riƙe caji ta zama ta tebur, sai an kawo wuta ko an tada janareta. Ana auna girman batir da Wh, kuma lambar da aka rubuta ta lokacin da yake sabo ce. Abin tambaya shi ne nawa ya rage a cikinsa yau, kuma in ya mutu yaya sauƙin sauya shi. Sannan ko tana cajuwa ta kafar USB-C, domin mai irin wannan kafa za ka iya ciyar da ita daga babban fawa bank ko ƙaramar sola, ba sai ka jira NEPA ba.

Na biyu, zafi da ƙura. Kamfanonin nan galibi suna rubuta cewa a yi aiki da na'urarsu a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A watan Afrilu, Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura digiri 40. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga ta ramukan iska ta toshe fanka. Zafi ne ke kumbura batir, shi ne kuma ke sa kwamfuta ta rage gudu da kanta don kar ta ƙone.

Na uku, ƙarfin aiki, kuma a nan aka fi cutar masu saye. Mai shago zai ce maka "Core i7 ce", kai kuma ka ji bakwai ta fi biyar. Abin dubawa shi ne zubin furosesar, wato tsararta: zubi mai babbar lamba shi ne sabo. A lamba irin i5-8250U, takwas ɗin farko na nufin zubi na 8. A i5-1135G7, sha ɗayan farko na nufin zubi na 11. Furosesa tana da ƙwayoyin aiki a cikinta, kowace kamar ma'aikaci guda. A irin waɗannan siraran kwamfutoci, i7-7500U ta zubi na 7 ƙwaya biyu gare ta, ita kuwa i5-8250U ta zubi na 8 huɗu gare ta. Ke nan i5 ɗin ta fi i7 ɗin aiki nesa ba kusa ba. Ga kuma wani dalili mai nauyi: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 take farawa, in ban da 'yan ƙalilan. Duk abin da ke ƙasa da zubi na 8, komai kyansa da arhar sa, na cire shi daga lissafi.

Na huɗu, gyara da ƙari. Za a iya ƙara RAM? Za a iya sauya SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri? In madannai suka mutu ko sikirin ya fashe, akwai kayan a kasuwar garinku, ko sai an aika Legas? Na biyar, sikirin da madannai, waɗanda su ne ido da yatsu za su zauna da su shekaru. Na shida, manhajar da aikinka ke buƙata. Na ƙarshe farashi da haɗarin da ke tattare da sayen. Farashin naira yana bin dala, yau daban gobe daban, don haka jeranta su zan yi daga mai sauƙi zuwa mai tsada.

Lenovo ThinkPad T480

Baƙa ce, mai kauri, ba ta da wani kyan gani, kuma nauyinta ya kai kilo 1.6. Wanda ke son a gan shi da abu mai sheƙi ba zai kalle ta sau biyu ba. Amma da tsohuwar zuma ake magani, kuma a cikin huɗun nan babu wadda ta dace da matsalar wutarmu ta hanyar da wannan ta dace.

Batir biyu gare ta. Ɗaya a ciki mai 24Wh, ɗaya a waje wanda ake zare shi da hannu ba tare da kwance ko sukuru ɗaya ba. Na wajen iri uku ne: 24Wh, 48Wh da 72Wh. In ka sa babban, jimilla ta zama 96Wh, kusan ninki biyu na abin da ke cikin sauran. Saboda na cikin yana riƙe da ita, kana iya cire na waje da ya ƙare ka sa wani alhali tana kunne, aikinka bai tsaya ba. Malamin da ke koyarwa a ƙauyen da ba wuta, ko ma'aikacin da ke fita tattara bayanai kwana biyu, zai iya cajin batir biyu a gari ya tafi da su. Babban batirin yana ɗaga bayanta kaɗan yana ƙara mata nauyi, sai dai ɗagawar tana ba iska hanya ta ƙasa, abin da ke taimako a lokacin bazara. Wannan tsari daga kanta ya ƙare a wannan jeri: T490 da ta biyo ta a 2019 batir ɗaya ne a rufe a ciki. Haka T480s, mai harafin s a ƙarshe, wata kwamfuta ce daban, siririya, batir ɗaya, kuma rabin RAM ɗinta a manne yake. Kar a ba ka ita a matsayin T480 in batir biyun kake nema.

Wajen ƙarfi, i5-8250U ko i5-8350U tana ɗaukar Word, Excel, SPSS, Zoom, shafukan intanet da yawa a buɗe, koyon rubuta manhaja, har da CorelDRAW na aikin yau da kullum. Tace bidiyo mai nauyi kuwa zai wahalar da ita, fanka ta yi ta kuka. A lura, akwai T480 da aka yi da i5-7300U ta zubi na 7. A duba lambar kafin a biya.

Gyaranta shi ne abin da ya fi burge ni. Ramin RAM biyu ne, tana ɗaukar har 32GB a hukumance. Ana sauya ma'ajiyarta. Madannai ana cire su a sa wasu cikin 'yan mintoci, kuma su ne mafi daɗin bugawa a cikin huɗun, masu zurfi, ba sa gajiyar da yatsu. Mai rubuta kundin digiri ko mai buga takardu a shago zai gane bambancin tun ranar farko. Tana da kafar USB irin ta da guda biyu, USB-C biyu, HDMI, ramin wayar intanet, da ramin katin SD na kyamara.

Rauninta biyu ne, kuma ba ƙanana ba ne. Sikirin ɗinta ba shi da haske sosai: mai kyan cikinsu da aka fi samu, 1920 x 1080, nit 250 ne (nit ma'aunin hasken sikirin ne), a ƙarƙashin bishiya da rana sai ka matse ido. Akwai kuma mai 1366 x 768, dusu-dusu, wanda in ka karkata kaɗan launi ya juye. Wannan kar ka karɓa ko an rage maka kuɗi. Na biyu, ta USB-C kaɗai take caji, kuma ThinkPad na waɗannan shekaru sun yi fama da wata matsala a manhajar da ke tafiyar da kafar Thunderbolt, ɗaya daga cikin USB-C ɗin biyu, har Lenovo ya fitar da gyara ya ce kowa ya sabunta. Wadda ba a sabunta ba kafarta na iya lalacewa. Ka gwada caji a kafofin biyu a gaban mai shago, kuma in ka kai gida ka sabunta ta ta manhajar Lenovo Vantage kafin komai. Sannan a tuna shekarunta: batiran da suka zo da ita sun tsufa, kuma kasuwa cike take da na jabu. Ka sa kuɗin sabon batir a cikin lissafinka tun farko.

A farashi, yawanci ita ce mafi sauƙi a cikin na hannun uku.

HP EliteBook 840 G8

Wannan ita ce ta tsakiya ta kowace fuska. Jikinta alminiyum ne ruwan azurfa, siririya, nauyinta kilo 1.3 da ɗoriya. Ta girmi sababbin yau da 'yan shekaru kaɗan, ta kuma fi T480 ƙuruciya da shekara uku, abin da ke nufin batirinta da madannanta da mahaɗin murfinta ba su sha wuya kamar na waccan ba.

Furosesarta zubi na 11 ce, i5-1135G7 ko i5-1145G7 ko i7 ɗinsu. Ƙwaya huɗu ce ita ma, amma kowace ta fi ta zubi na 8 sauri, kuma ɓangaren hotonta, Iris Xe, ya yi wa na T480 nisa. Photoshop, zanen gini mara nauyi a AutoCAD, tace gajeren bidiyo na 1080, duk tana yi ba tare da ka yi ta jira ba. Ga wani abu da masu shago ba sa faɗa: Iris Xe ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai an cika ramukan RAM biyun. Mai 8GB guda biyu ta fi mai 16GB guda ɗaya a aikin hoto. Tana ɗaukar har 64GB, kuma SSD ɗinta ana sauyawa.

Batirinta 53Wh ne, a ciki yake, sai an kwance murfin ƙasa, amma aikin minti goma ne a wurin mai gyara. In yana da lafiya zai kai ka yawancin yinin aiki na rubutu da intanet. Tana caji ta hanya biyu, da caja mai siririn baki irin ta HP da kuma USB-C, don haka in ɗaya ta lalace ba ka tsaya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda wutar janareta ke cin caja.

Sikirin ɗinta iri-iri ne, kuma a nan sai an buɗe ido. Akwai mai nit 250, akwai mai nit 400 wanda shi ne zaɓina, akwai kuma mai Sure View, wanda aka yi don hana na gefe leƙen abin da kake yi. Na ƙarshen yana da amfani ga ma'aikacin banki, amma ko an kashe shi, haskensa na sauyawa in ka kalle shi ta gefe, kuma mutum biyu ba sa jin daɗin kallon abu tare a kansa. Mai zane ko mai koyar da yara a gida ya guje shi.

Abin da aka rage mata: babu ramin wayar intanet, babu na katin SD. Ofishin da ke aiki da waya sai ya sayi ƙaramin mahaɗi. Madannanta kuma haɗe suke da saman jikinta, sauya su ya fi na T480 tsada da wahala. Alminiyum yana lotsawa in ta faɗi, yana kuma ɗaukar zafi a cinya.

Babban abin da ke gefenta a ƙasar Hausa shi ne sunan HP kansa. Caja, batir, sikirin, fanka, duk garin da ke da masu gyaran kwamfuta za ka samu, kuma ranar da ka so sayarwa ba za ka daɗe kana neman mai saye ba. In kuɗinka bai kai G8 ba, 840 G6 ta 2019 da G5 ta 2018 suna nan, galibi zubi na 8, batir 50Wh, kuma su suna da ramin wayar intanet. In kuma Dell ka fi sabawa da ita, Latitude 5420 ta 2021 tsarar G8 ce: zubi na 11, ramin RAM biyu, tana da ramin wayar intanet, batirinta ko 42Wh ko 63Wh, sai a nemi babban. Ta USB-C kaɗai take caji. Kar a rikita ta da Latitude E5420, mai harafin E a gaba, wadda tun 2011 aka yi ta.

MacBook Air M1

Inci 13.3 ce, amma na sa ta a nan saboda fasalin sikirin ɗinta ya fi na sauran tsawo daga sama zuwa ƙasa, har ya ɗan zarce na mai inci 14 a tsayi, a faɗi ne kawai ya gaza. Nauyinta kilo 1.29. Dala 999 aka sa mata ranar da ta fito.

In batir da sikirin kaɗai ake dubawa, gasar ta ƙare tun kafin a fara. Batirinta 49.9Wh ne, bai kai na HP ba a lamba, amma M1 ba ta cin wuta. Apple ya ce tana kai awa 15 a yawon intanet, awa 18 a kallon bidiyo, kuma ko ta hannu da ta ɗan tsufa tana wuce sauran ukun da tazara. Cajarta wat 30 ce kacal, fawa bank mai kyau yana cika ta. Sikirin ɗinta 2560 x 1600 ne, nit 400, launinsa na gaskiya. Ga mai ɗaukar hoton biki ko mai tace bidiyo don YouTube da TikTok, wannan kaɗai ya isa dalili. Sautinta ma ya fi na sauran.

Ba ta da fanka ko ɗaya. Shiru take aiki, kuma ba ta zuƙar ƙura, wanda a hunturu alheri ne babba. Illar hakan ita ce in aka ɗora mata aiki mai nauyi na dogon lokaci a ɗaki mai zafi, jikinta ne kaɗai ke fitar da zafin, sai ta rage gudu. Duk da haka, furosesarta mai ƙwaya takwas ta fi ta HP da ta Lenovo ƙarfi a yawancin ayyuka.

To ina matsalar? Komai nata a manne yake da dalma a jikin bod, wato babban allon da kayan cikinta ke zaune a kai. RAM ɗin da ka saya da shi, 8GB ko 16GB, da shi za ka rabu da ita. SSD ma haka. Mai 256GB tana cika da wuri a hannun mai bidiyo, sai an rataya mata ta waje. In bod ya ƙone, bayananka na iya tafiya tare da shi. Sikirin ɗinta siriri ne, ƙaramin abu in ya shiga tsakani aka rufe murfi yana iya fasa shi, kuma kuɗin sauya shi na iya kusantar kuɗin wata kwamfutar ta hannu sukutum. Masu gyaranta na gaske a manyan birane suke. Kafofinta biyu ne kawai, duka USB-C, don haka filashi da firinta da majigi duk sai da mahaɗi, kuma sikirin ɗin waje ɗaya tak take ɗauka.

Sai batun manhaja, wanda shi ya kamata ya yanke wa mutane da yawa hukunci. Ba a sa mata Windows kai tsaye kamar yadda ake yi wa tsofaffin Mac masu Intel. Word, Excel, Photoshop, SPSS da AutoCAD suna da na Mac. Amma Revit, SolidWorks, ArcGIS Pro da Sage 50 na Windows ne. Ɗalibin injiniya, ko na zanen gine-gine, ko na safiyo da taswira, ya tambayi 'yan ajin gaba da shi abin da ake amfani da shi a sashensu kafin ya ɗauki Mac.

A kula da wata yaudara. MacBook Air mai Intel ta farkon 2020 kamanninsu ɗaya da mai M1, amma tana zafi, batirinta bai kai na waccan daɗewa ba, kuma Apple na janye tallafi daga masu Intel. A ƙasan jikinta akwai lamba: A2337 ita ce M1, A2179 mai Intel ce. A cikin huɗun nan M1 ce mafi tsada, ita ce kuma mafi riƙe daraja in an tashi sayarwa.

Sabuwa a kwali mai Celeron

Ba zan daɗe a kanta ba. Abin da take da shi na gaske ne: batir sabo, caja ta asali, garanti, ba wanda ya taɓa ta, ba kulle a kanta. Ba ta cin wuta sosai. Amma Celeron N4020 ko N4500 ƙwaya biyu ce mai rauni, RAM 4GB shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, kuma wasu ma'ajiyarsu eMMC ce mai 64GB ko 128GB, a manne, mai jan ƙafa. Jikinta roba ce mara kauri, mahaɗin murfi shi ke fara karyewa, sikirin kuma sau da yawa 1366 x 768 ne. Ka buɗe shafuka goma a Chrome tare da Zoom, za ka ga tana numfashi da ƙyar. Araha ba ta ado, balle ma wannan ba ta fi T480 araha a mafi yawan lokuta ba. Yana ba ni takaici in ga uba ya biya kuɗin gumi ya sayo wa 'yarsa wannan saboda kwalin, bayan zango ɗaya ta koma aron ta ƙawarta.

| Ma'auni | ThinkPad T480 | EliteBook 840 G8 | MacBook Air M1 | Sabuwa mai Celeron |
|---|---|---|---|---|
| Shekarar fitowa | 2018 | 2021 | 2020 | ta yanzu |
| Sikirin | inci 14, nit 250 | inci 14, nit 250 ko 400 | inci 13.3, nit 400 | inci 14, yawanci dusu-dusu |
| Nauyi | kilo 1.6 | kilo 1.3 da ɗoriya | kilo 1.29 | kusan kilo 1.5 |
| Batir | biyu, har 96Wh | 53Wh | 49.9Wh, mafi daɗewa | ƙarami, amma sabo |
| Ƙarin RAM | rami biyu, 32GB | rami biyu, 64GB | babu | wasu ana yi, wasu a manne |
| Ƙarfin aiki | matsakaici | mai kyau | mafi ƙarfi | rauni |
| Sauƙin gyara | mafi sauƙi | mai sauƙi | mai wuya da tsada | kaya na samuwa, jiki ba ƙwari |
| Farashi | ƙasa | tsakiya | sama | ƙasa |
| Babban haɗari | tsohon batir, kafar caji | kullen BIOS, Sure View | kullen iCloud, fashewar sikirin | gazawa da wuri |

Kafin kuɗi su bar hannunka

Haɗarin tokumbo mafi muni shi ne kulle. Yawancinsu daga kamfanonin Turai da Amurka suka fito bayan an gama amfani da su, kuma wasu ba a cire su daga rajistar kamfanin ba. Na taɓa raka wata ƙanwata sayen kwamfuta a wani shago, komai lafiya, sai bayan wata biyu da aka sake zuba mata Windows ta hau intanet, ta tsaya cak tana neman a shiga da adireshin wani kamfani na ƙasar waje. Mun yi ta zirga-zirga kafin a musanya mana, kuma rasit ɗin da muka ajiye ne ya cece mu. Tun daga ranar, shawarata ita ce a goge kwamfutar gaba ɗaya a shagon, a haɗa ta da intanet, a ga ta wuce matakin farko ba ta nemi sunan kowa ba. A Mac wannan ya fi zama dole: in akwai iCloud ɗin wani a kanta, wato asusunsa na Apple, ko rajistar kamfani, ba taka ba ce ko ka biya.

Ka shiga BIOS, wato shafin saituna da ake buɗewa da zarar an kunna ta kafin Windows ta tashi, da hannunka: F1 a ThinkPad, F10 a HP, F2 a Dell. In ta nemi kalmar sirri, ka ajiye ta. A ThinkPad, Lenovo da kansa ya ce in an manta babbar kalmar sirrin BIOS sai dai a sauya bod.

Batir kuma ba a yarda da baki. A Windows ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da rahoto mai nuna girman batirin na asali da abin da yake ɗauka yanzu. In ya sauka ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, a rage maka kuɗin sabo. A Mac akwai lafiyar batir da adadin zagayen caji a cikin saituna. Apple ya ƙiyasta zagaye 1000. Ka ɗora ta a tebur ka duba ko wurin linzamin yatsa ya ɗago ko ƙasanta ya yi tudu, alamar batir ya kumbura ke nan. Ka danna kowane harafi, ka gwada kowace kafa da filashinka, ka buɗe farin shafi ka nemi tabo a sikirin, ka kunna kyamara da lasifika. Ka tabbata SSD ce a ciki, domin akwai T480 masu tsohon faifai mai juyawa. Jerin haruffa ma abin dubawa ne: ɗan Najeriya ya saba da QWERTY, ɗan Nijar mai rubutu da Faransanci zai fi son AZERTY, kuma akwai na Jamus da aka liƙa wa takarda a kai. Mai rubutun Hausa ya sani Windows na da tsarin madannan Hausa a cikinta, mai ba da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai dai a kunna shi. A ƙarshe a rubuta maka rasit mai lambar jikin kwamfutar da kwanakin gwaji.

Wa ya dace da wacce

In inda kake wuta sai an yi sa'a, ko aikinka na fita daji ne, ko kuɗinka a ƙididdige suke kuma rubutu ne yawancin aikinka, ɗauki T480 mai sikirin 1920 x 1080, ka sa mata 16GB da babban batir na waje. Haka mai shagon buga takardu da cike fom, wanda ke buƙatar abin da za a gyara a garinsu a yini ɗaya.

Ɗalibin jami'a da ke son kwamfuta ɗaya ta kai shi har bautar ƙasa, ma'aikacin ofis, akanta, ɗalibin injiniya mai buƙatar manhajar Windows, duk EliteBook 840 G8 nake nuna musu, ko Latitude 5420 mai batir 63Wh in ana buƙatar ramin wayar intanet. Da mutum zai tare ni a hanya ya ce in zaɓa masa ɗaya ba tare da na san aikinsa ba, wannan zan ce, mai RAM 8GB biyu da sikirin nit 400.

Mai hoto, mai tace bidiyo, ɗan jarida mai yawo, da duk wanda ke zaune a babban birni kuma ya tabbatar manhajarsa na aiki a Mac, MacBook Air M1 za ta faranta masa, musamman mai 16GB. Ya saya mata jaka mai kauri da ma'ajiyar waje a rana ɗaya, ya riƙa kwafe aikinsa. In bidiyon sana'a ce ta kullum, mai tsawo da nauyi, gara ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin MacBook Pro mai inci 14 ta 2021, wadda ke da fanka, HDMI da ramin katin SD.

Sabuwa mai Celeron kuwa ta yaron firamare ko ƙaramar sakandare ce da zai koyi bugu da atisayen jarrabawar kwamfuta, ko hukumar da dokarta ta hana sayen kayan hannu. Ko a nan, a nemi mai SSD ta gaske da ramin ƙara RAM, a cika ta zuwa 8GB tun a shagon.